Ɗigo ɗaya da karkata: me ya sa amsar ƙanwata ta saɓa da ta aji?

Yayan ɗaliba, Tawa

Assalamu alaikum malamai da sauran ƴan uwa. Ina neman taimakonku a kan wani darasin lissafi da ya tsaya wa ƙanwata, wadda take ajin ƙarshe na kwaleji kuma take shirin jarrabawar BEPC a bana. Ni na daɗe da barin lakkol, abin da ya rage mini a kai bai wuce in duba mata aikin gida sama-sama ba.

A aji an koya musu rubuta daidaiton miƙaƙƙen layi da y = ax + b, inda a take nuna karkatar layin, b kuma take nuna wurin da ya ratsa layin tsaye na y. Idan an ba su ɗigo ɗaya da karkata, sai su zuba lambobin ɗigon a madadin x da y, su nemo b. Aikin da aka ba su shi ne: layi ya bi ta ɗigon A(−2, 5), karkatarsa −3/2, a rubuta daidaitonsa sannan a zana shi. Da ta bi hanyar aji ta samu 5 = 3 + b, wato b = 2, amsar ta zama y = −3/2 x + 2.

Daga baya wata ƙawarta ta nuna mata wata hanya da ta gani a intanet, y − y₁ = m(x − x₁), ta ce mata ta fi sauri. Ƙanwata ta rubuta y − 5 = −3/2 (x − 2), ta buɗe baka, sai ga y = −3/2 x + 8. Yanzu tana riƙe da amsa biyu ga tambaya ɗaya, kuma hankalinta ya tashi, domin tana ganin ko dai malaminsu ya yi kuskure ko kuma intanet ce ta yi ƙarya. Ina son a bayyana mana wace amsa ce daidai, daga ina wannan hanya ta biyu ta samo asali, yadda ake zana layi da ita, kuma ko ya kamata ta riƙe ta ko ta ajiye ta sai bayan jarrabawa. Na gode.

Tsohon mushen lissafi, Yamai

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya a kan karatun ƙanwarka. Amsar aji ita ce daidai, hanya ta biyu ma ingantacciya ce, alama ɗaya ce kawai ta kuɓuce wa yarinyar. Amma kafin in nuna wurin, bari in faɗi inda hanyar ta fito, domin wanda ya san asalinta da wuya alamar ta sake kuɓuce masa.

Karkatar layi ita ce gwargwadon abin da y ta motsa idan aka raba shi da abin da x ta motsa, kuma abin da ya sa ake ce wa layi miƙaƙƙe shi ne wannan lamba ba ta sauyawa ko ina aka auna ta a jikinsa. To ka ɗauki ɗigon da aka ba ka, (x₁, y₁), sannan ka ɗauki wani ɗigo dabam, ko wane ne, a kan layin, ka kira shi (x, y). Daga na farko zuwa na biyu, y ta motsa y − y₁, x kuma ta motsa x − x₁, saboda haka m = (y − y₁)/(x − x₁). Idan ka ninka ɓangarorin biyu da x − x₁, za ka samu y − y₁ = m(x − x₁). Iyakar abin ke nan. Wannan m ita ce dai a ɗin da suke rubutawa a aji, harafi ne kawai ya bambanta. Alamomin ɗebewa guda biyu da ke ciki kuwa sun zo ne saboda tazara ake aunawa, kuma tazarar da ke tsakanin wuri biyu ana samunta ne ta ɗebe ɗaya daga ɗaya.

Yanzu mu koma kan A(−2, 5). A nan x₁ ita kanta −2 ce, da alamarta. Idan aka ce a ɗebe ta daga x, abin da za a rubuta shi ne x − (−2), wanda yake daidai da x + 2. Yarinyar ta ga alamar ɗebewa a jikin ƙa'idar, ta ga wata a jikin lambar 2, sai ta haɗe su ta mai da su ɗaya. Rubutun da ya dace shi ne y − 5 = −3/2 (x + 2). Idan aka buɗe baka, y − 5 = −3/2 x − 3, a ƙara 5 a kowane ɓangare a samu y = −3/2 x + 2, wanda shi ne abin da hanyar aji ta ba ta.

Abin da ta rubuta da farko ma layi ne na gaskiya, sai dai ba shi aka tambaya ba. Layi ne da ya bi ta (2, 5), yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na daidai, ya gusa gida 4 zuwa dama. Akwai gwaji mai sauƙi da nake sa ɗalibaina su yi kafin su buɗe baka: su zuba x ɗin ɗigon a cikin bakan, dole abin da ke ciki ya zama sifili. A x + 2, idan x ta zama −2, sifili ya fito, sai y − 5 ta zama sifili, wato y = 5, layin ya taka A. A x − 2 kuwa −4 ke fitowa, nan take mutum ya san akwai gyara. Shawarata ita ce ta riƙa rubuta matakin x − (−2) da ƙaramin bakansa a kan takarda, kada ta yi shi a ka, har sai hannunta ya saba.

Batun zane kuma a nan ne hanyar ta fi daɗi, domin ba a bukatar a nemo b sam. Ta ɗauki kaye mai ƙananan gidaje, ta ja layin kwance na x da layin tsaye na y, ta sa lambobi. Daga mahaɗarsu ta ƙirga gida 2 zuwa hagu, gida 5 zuwa sama, ta ɗiga A. Sannan ta karanta karkatar: lambar ƙasa, 2, ita ce tafiya zuwa dama, lambar sama, 3, ita ce hawa ko sauka, kuma tun da akwai alamar ɗebewa, sauka ce. Daga A, gida 2 dama, gida 3 ƙasa, ta sauka a kan (0 ; 2). Ka lura b ɗin da aka sha wahalar nema ga ta nan ta fito da kanta. Ta maimaita taku iri ɗaya ta samu (2, −1), ta ƙara ta samu (4, −4), tamkar mai sauka daga matakala wadda duk takunta tsayi ɗaya ne. Ɗigo biyu sun isa a ja layi, amma ni nakan ce a yi uku, kuma a ɗora abin jan layi a kan biyun da suka fi nisa da juna, domin idan ɗigogin suna kusa, kaurin bakin fensir kaɗai ya isa ya karkatar da layin kafin ya kai gefen takarda.

Wani wurin da yara ke tuntuɓe shi ne raba alamar ɗebewa ga lambobin biyu. Alamar ta ɗaya ce daga cikinsu. Ko dai dama 2 ƙasa 3, ko kuma hagu 2 sama 3, wanda zai kai ta (−4, 8) a kan layin nan dai. Idan ta yi hagu 2 ƙasa 3, ta zana layi mai karkata +3/2, wanda yake hawa maimakon sauka.

Ɗalibar lissafi, Jami'ar Abdu Mumuni

Baba Mushe, barkanku da ƙoƙari, bayaninku bai bar wani duhu ba. Ina so in ƙara abu biyu bisa izininku.

Na farko, sau da yawa ba a ba da karkata, ɗigo biyu ake bayarwa, sai ɗalibi ya tsaya yana tunanin wanne zai ɗauka. Ko wanne ya ɗauka, layin ɗaya ne. Misali B(1 ; 2) da C(4 ; 11): karkata ita ce (11 − 2)/(4 − 1) = 3. Da B za a rubuta y − 2 = 3(x − 1), da C kuma y − 11 = 3(x − 4). A ido kamar abu biyu ne, amma idan aka buɗe baka dukansu y = 3x − 1 suke bayarwa. Wannan yana nufin layi ɗaya yana da rubutu iri-iri marasa iyaka a wannan siga, ɗaya ga kowane ɗigo da ke kansa, alhali a sigar y = ax + b rubutu ɗaya tak gare shi. Ita y = ax + b ɗin ma, idan aka duba da kyau, wannan sigar ce aka ɗora a kan ɗigon (0 ; b), domin y − b = a(x − 0) shi ne y = ax + b. Saboda haka ƙanwar Yaya ba hanyoyi biyu masu gaba da juna ta gani ba, a aji an zaɓa mata ɗigon da ke kan layin tsaye ne, ɗaya hanyar kuma ta bar mata zaɓin a hannunta.

Na biyu, Yaya, idan Allah ya sa ta wuce lise ɓangaren kimiyya, za ta sake haɗuwa da wannan rubutu a aji na biyu, lokacin da za a koya musu layin da yake shafar lanƙwasa a ɗigo ɗaya: y = f′(a)(x − a) + f(a). Yawancin ƴan ajinmu haddace shi suka yi kamar sabon abu, alhali f(a) ita ce y₁, a ta nan (ba ta karkata ba) ita ce x₁, f′(a) kuma ita ce m. Ga lanƙwasar y = x² a inda x = 3, ɗigon shi ne (3 ; 9), karkata 6, layin kuma y − 9 = 6(x − 3). Amfaninsa yana fitowa idan aka ɗan gusa daga 3: a x = 3,1 layin yana ba da 9 + 6 × 0,1 = 9,6, ainihin amsa kuwa 9,61. Da an mai da shi y = 6x − 9, lissafin zai fito daidai, amma wannan ɗan gusawa na 0,1 da ake son gani ya ɓace a cikinsa. Don haka ni ina ganin kada ta ajiye.

Mai gyaran firigo, Yamai

Ni ba malami ba ne, gyaran firigo da na'urorin sanyaya ɗaki nake yi, amma na ga abin da nake yi kullum a cikin bayaninku. Akan kawo mana na'urori da ma'aunan zafi da aka yi domin kasuwar Amurka, lambobinsu na Faranhait ne, mu kuwa Selsiyos muka sani. Ruwa yana daskarewa a 0 na Selsiyos, wato 32 na Faranhait, yana tafasa a 100, wato 212. Karkatar ke nan 180 a raba da 100, wato 9/5, kuma a littafi ana rubuta F = 9/5 C + 32.

Sai dai mu a Yamai sifili ya yi mana nisa. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yana kai 40 har ya wuce, shi ya sa ɗigon da na riƙe a kaina shi ne 40 daidai yake da 104. Daga nan duk ƙarin 5 a Selsiyos ƙarin 9 ne a Faranhait: 45 ya zama 113, 35 ya zama 95, 25 ya zama 77. Yau na gane cewa abin da nake yi sunansa F − 104 = 9/5 (C − 40). Idan kuma na buɗe wurin ƙanƙara sai in koma wani ɗigo na kusa, domin −18 na Selsiyos kusan sifili ne a Faranhait. Ina goyon bayan ɗiyarmu ta jami'a: mutum ya fara lissafi daga inda yake tsaye.

Malamin kwaleji, Tawa

Ina gaida Mushe babba da sauran waɗanda suka amsa. Ba ni da ja a kan lissafin, amma ina da ja a kan lokacin. Ina koyar da wannan aji yanzu haka, kuma abin da nake gani a takardun yara shi ne, ɗalibin da ya iya hanya ɗaya sosai ya fi samun maki a kan wanda ya san biyu rabi-rabi. Yarinyar nan ta bi hanyar aji ta samu amsa daidai, kuskuren ya shigo ne da sabuwar hanyar. Idan jarrabawa ta matso kuma alamomi suna ba ta wahala, babu laifi ta tsaya a kan abin da hannunta ya saba da shi. Idan kuwa ta zaɓi sabuwar, to ta ƙarasa aikin har ƙarshe, ta mai da amsar zuwa sigar da tambaya ta nema, ko y = −3/2 x + 2, ko kuma 3x + 2y − 4 = 0. Dalili shi ne wanda ɗalibar jami'a ta faɗa: rubutun wannan siga iri-iri ne, kuma mai gyara takardu da yawa a gabansa yana son ya ga amsa a sigar da yake tsammani.

Akwai kuma wurin da hanyoyin biyu duka suke tsayawa, ya kamata ta sani. Idan ɗigogi biyu suna da x ɗaya, kamar (3, 1) da (3, 7), neman karkata zai kai ga rabawa da sifili, wanda ba ya yiwuwa. Layin a tsaye yake, ba shi da m, daidaitonsa x = 3 ne kawai. Yara suna rikita shi da layin kwance, wanda yake da karkata, ita ce sifili: layin kwance da ya bi ta A yana ba da y − 5 = 0(x + 2), wato y = 5.

Duk da haka, akwai tambayar da ni kaina nake amfani da hanyar Mushe a kan allo. Idan aka ce a nemo layin da ya bi ta A kuma ya gitta wannan layi a kusurwa madaidaiciya, karkatun biyu idan aka ninka su dole su ba da −1, saboda haka sabuwar karkata 2/3 ce. Nan take ana rubuta y − 5 = 2/3 (x + 2), a zana daga A gida 3 dama, gida 2 sama, a sauka a kan (1 ; 7). Ta hanyar aji kuwa b za ta fito 19/3, kuma ɗiga 19/3 a kan kaye aikin kintace ne, domin ba ta faɗa a kan mahaɗar gidaje ba. Haka nan a tambayoyin tafiya. Mu ɗauka mota ta bar Ƙonni da ƙarfe 9 na safe, saura kilomita 130 ta kai Tawa, tana gudun kilomita 65 a awa ba tsayawa. Idan d ita ce nisan da ya rage, t kuma lokacin da agogo ya nuna, za a rubuta d − 130 = −65(t − 9), kowace lamba tana da ma'ana a ciki, kuma idan d ta zama sifili t − 9 = 2, wato ƙarfe 11. Idan aka buɗe baka sai a samu d = −65t + 715, kuma 715 ɗin nan nisan motar ne da tsakar dare, lokacin da direban ma yana barci.

Yayan ɗaliba, Tawa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ta gyara alamar, amsoshin sun haɗu, kuma ta ce za ta riƙe hanyar aji wajen rubutu, ta yi amfani da ta Mushe wajen zane da dubawa. Saura abu ɗaya: ta zana layin, ƙawarta ma ta zana, dukansu sun bi ta A, amma na ƙawar ya fi kwanciya, bai yi tsaye kamar nata ba. Da muka duba, ƙawar ta bar gida biyu tsakanin kowace lamba a layin x, gida ɗaya a layin y. Wanne ne daidai?

Tsohon mushen lissafi, Yamai

Ɗana, duka biyun suna iya zama daidai, abin dubawa shi ne me kowace ta ƙirga. Da na ce gida 2 dama, gida 3 ƙasa, na ɗauka kowace lamba gida ɗaya ce a layin x da layin y. Ainihin abin da ake ƙirgawa lambobi ne. A takardar ƙawar, tafiyar lamba 2 zuwa dama gida 4 ce, saukar lamba 3 kuma gida 3, shi ya sa layinta ya fi kwanciya a ido alhali karkatarsa −3/2 ce. Idan ta yi haka, zanenta yana da kyau. Idan kuwa gida 2 ta ƙirga, to lamba 1 kawai ta gusa, layinta ya zama mai karkata −3. Ku duba ko ya ratsa layin tsaye a kan 2: idan ya ratsa a kan −1, gidaje ta ƙirga.

Sauya ma'auni ba laifi ba ne, wani lokaci ma tilas ne. A misalin motar da malam ya kawo, da za a ba awa ɗaya gida ɗaya, kilomita ɗaya ma gida ɗaya, zanen zai bukaci gida 130 a tsaye da gida 2 a kwance, babu kayen da zai ɗauke shi. Amma idan ma'aunan biyu suka bambanta, ido ba ya zama shaida a kan kusurwa. Layukan nan biyu masu karkata −3/2 da 2/3 suna gitta juna a kusurwa madaidaiciya a takardar ƙanwarka, a takardar ƙawarta kuwa ba za su fito haka ba, kuma ƙa'idar ninkawa a samu −1 tana aiki ne kawai idan ma'aunin x da na y ɗaya ne kuma layin x da layin y sun haɗu a kusurwa madaidaiciya. Saboda haka ta karanta farkon tambaya da kyau: idan an faɗi ma'auni, misali santimita 1 ga kowace lamba a layukan biyu, ta bi shi yadda aka faɗa, idan kuma ba a faɗa ba, ta zaɓi gida ɗaya ko biyu ga duka layukan, ta rubuta lambobin a jikinsu kafin ta ɗiga A.